Gonakin Jangebe Da Suka Koma Daji: Kwana Nawa Sassabe Zai Ci?

Duk lokacin da hukuma ta fito ta ce manoma sun fara komawa gonakinsu a yammacin Zamfara, akwai tambayar da nake jira in ji wani ɗan jarida ya yi, har yau kuwa ban ji ta ba: wace irin gona suka koma suka tarar? Mai sauraron rediyo a Abuja ko Kaduna zai ɗauka gonar tana nan yadda aka bar ta, kamar ɗakin da aka kulle aka yi tafiya, ana dawowa sai a kaɗe ƙura a shimfiɗa tabarma. Wanda ya tashi a karkara ya san gona ba ta jiran mai ita. Ranar da fartanya ta daina shiga, ranar daji yake fara karɓar abinsa. Saboda haka tambayar kwana nawa ake yi kafin a share gonar da ta cushe, wadda take kama da hirar 'yan ƙwadago a bakin kasuwa, a ƙasar Jangebe da Bakura da Maradun ita ce take yanke ko gida zai ci tuwon gonarsa a bana, ko zai ci gaba da awo.

Duniya ta san sunan Jangebe a ranar 26 ga Fabrairu, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren gwamnati ta garin. Ranar 2 ga Maris aka sako 'yan mata 279, masu kyamarori suka naɗe kayansu suka wuce. Ni abin da ya tsaya mini a rai game da wannan kwanan wata shi ne, ƙarshen Fabrairu lokaci ne da manomi yake fara waiwayar gonarsa, yana wasa gatari, yana lissafin wanda zai taya shi shara. A watan Satumban shekarar kuma aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, daidai gab da kaka. Tun kafin wannan shekara, da kuma bayanta, abin da ya faru a ƙauyuka da dama na Talata Mafara da Bakura da Maradun iri ɗaya ne. Gonakin da suke jikin gari an ci gaba da lallaɓa su. Gonakin daji, waɗanda sai an yi tafiyar sa'a guda ko fiye kafin a kai, su ne aka bari, kuma galibi su ne manya, su ne suke cika rumbu.

Bahaushe ya raba aikin gida biyu, kowane da sunansa. Akwai sharar gona, wadda ake yi duk bazara: a tattara kara da tushiya, a sare ɗan tohon da ya fito, a tara a cinna wuta. Magidanci da 'ya'yansa biyu ko uku suna gama wannan cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma sassabe, wato buɗe daji a mai da shi gona, aikin da kakanninmu suka yi lokacin da suka kafa waɗannan ƙauyuka. Abin da rashin tsaro ya yi shi ne ya mai da aikin shara ya koma sassabe. Jikan da ya gaji gona fes yau yana tsaye inda kakansa ya tsaya da gatari, sai dai kakan yana da shanu da samari da kwanciyar hankali.

Tsawon aikin ya danganta da yawan daminar da ta sauka a gonar babu mai ita. Gonar da ta yi damina ɗaya a yashe, ciyawa ce kawai ta hau ta: ƙyasuwa, ƙarangiya, komayya, tafasa. Duk waɗannan rani yana busar da su, wuta da manjagara sun ishe su. Wahalarsu tana zuwa daga baya, domin sun riga sun zubar da 'ya'yansu a ƙasa, kuma mai gonar zai gane haka ranar noman farko, sa'ad da ciyawa ta riga gero tashi.

Daga damina ta biyu zuwa ta uku labari yake sauyawa, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Sabara da kalgo da geza da muke gani manomi yana sarewa kowace shekara ba su taɓa mutuwa ba. Kututturensu yana nan da rai, saiwarsu ta yi zurfi, wata ta girmi mai gonar. Saran shekara-shekara ne kawai yake danne su. Da zarar an ɗaga musu ƙafa, ba daga iri suke farawa ba kamar sabon dashe. Da tsohuwar saiwa suke tashi, shi ya sa cikin damina biyu za ka ga sabara ta kai ƙirjin mutum, ta yi rassa goma daga gindi ɗaya. A lokaci guda gamba, wadda da ma a kan iyaka aka bar ta, sai ta bazu cikin gona ta yi tushe-tushe masu tauri. A fadama da wuraren da suke riƙe danshi kuwa tofa da kiri-kiri suke shiga, su kuma ta jijiya suke yaɗuwa a cikin ƙasa, duk guntun da ka bari zai sake tsiro.

Gonar da ta kai damina biyar ko fiye ta fita daga sunan saura, ta zama kurmi. A nan ne ƙaya take karɓar mulki: ɗunɗu, magarya, farar ƙaya, sarƙaƙiya. Ɗunɗu ya fi kowa taurin kai, domin in ka sare shi daga sama, sai ya yi ta fitar da 'ya'ya daga saiwoyinsa ta ko'ina, ƙayarsa kuma tana huda takalmi, tana huda taya. Mai aiki a irin wannan wuri ba ya sakin jiki ya yi sara, yana duba inda zai sa ƙafa, saboda kububuwa da kasa sun sami mafaka, asibitin da yake da maganin dafi kuwa yana da nisa.

Bari mu yi ɗan lissafi irin wanda nake sa ɗalibaina su yi a aji. Alƙaluman na misali ne, mai karatu yana iya canza su da waɗanda ya sani daga gonar gidansu. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Mu ƙaddara akwai kututture ɗaya a kowane fili mai tsawon mita biyar da faɗin mita biyar, wanda ba cunkoso ba ne ko kaɗan. Hakan ya ba mu kututture 400 a hekta. Mu ƙaddara ƙaƙƙarfan namiji da gatari da diga yana tone goma a wuni, a ƙasar bazara da ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Kwana 40 ke nan, ba a sa ranar Juma'a ba, ba a sa ranar kasuwa ba, ba a sa saran rassa da jan ƙaya da jiran ta bushe kafin a ƙone ba. To, a yankin da muke magana, wa yake yin cikakken wuni a gonar daji? Ana fita bayan rana ta ɗaga, an tambayi labarin hanya, ana kuma dawowa kafin azahar. Kwana 40 sun koma 80, a hekta ɗaya tak, ga mutum ɗaya. Gidan da yake da baki goma sha biyar kuwa hekta ɗaya ba ta riƙe shi.

Sai a ɗora wannan lissafi a kan kalandar ruwa. A wannan yanki damina wata huɗu ce da 'yan kai, tana kankama a Yuni, tana janyewa wajen ƙarshen Satumba. Lokacin sassabe na gaskiya daga ƙarshen hunturu ne zuwa saukar ruwan farko, kimanin wata uku, kuma su ne watannin da zafin rana ya fi tsanani, rumbu kuma ya fara nuna gindi. Wanda bai gama ba kafin ruwan shuka, ba a yi masa ƙarin lokaci. Gero da dawa da aka shuka a makare ba sa cika ido. Ma'anar wannan ita ce, zaman lafiyar da ya samu a watan Yuni, ko ta hanyar jami'an tsaro ko ta wace hanya, ga gonar da ta yi shekara huɗu a yashe, zaman lafiyar baɗi ne. Bana ta riga ta wuce.

Abin da manoma suke yi, da yake su ma ba jiran lissafin malaman jami'a suke yi ba, shi ne su rarraba aikin. Shekarar farko a sare daga sama, a ƙone, a yi shuka a tsakanin kututture da sungumi, a haƙura da abin da aka samu. Shekara ta biyu a tone waɗanda suka fi tare hanya. Sai a shekara ta uku, in Allah ya sa an zauna lafiya, garma take iya ratsa gonar daga wannan kai zuwa wancan. Don haka idan aka matsa mini in ba da amsa a taƙaice, zan ce gonar damina ɗaya aikin kwanaki ce, ta damina uku aikin makonni ce zuwa watanni, wadda ta haura biyar kuwa da damina ake ƙirga ta.

Da can akwai abin da yake gajarta wannan lokaci, wato gayya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Samari talatin da makaɗi da ƙwaryar fura suna yin aikin wata guda a wuni biyu. Yau tara mutum talatin a gonar daji kiran hankalin waɗanda ake gudu ne. Samarin ma da yawa sun watse, wasu suna ramukan zinariya a ƙasar Anka da Maru, wasu suna tura baro ko acaɓa a Gusau da Sakkwato da kudu. Waɗanda suka rage suna yin jinga, kuma suna sa kuɗin kasada a cikin farashinsu, ban kuma ga laifinsu ba. Shanun huɗa, waɗanda su ne ƙarfin manomin Zamfara, su aka fara korawa tun farkon wannan fitina. Ga kuma harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa ƙauyuka kafin a shiga gona, da wani kafin a yi girbi. Mutumin da zai zuba kwana tamanin na guminsa a gonar da bai tabbata zai girbe ba, dole ya yi tunani sau biyu. Ga wani abin takaici kuma: dajin da tsoro ya haifar shi ma yana haifar da tsoro, domin gonar da ta cushe a bakin ƙauye maɓoya ce, mai zuwa da sharri yana isowa har bayan katanga ba a hango shi ba.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: a kawo injina mana. Maganin feshi yana kashe ɗanyar ciyawa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma sai ganye ya fito yake aiki, wato bayan ruwa ya sauka, kuma bai san kututture ba. Tarakta ba ta shiga gonar da ba a tone ba. Mai ita ba zai yarda faifan garmarsa ya karye ko ɗunɗu ya fasa masa taya ba, balle a yanzu da kuɗin mai da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Abin da ya rage shi ne katafila, ita kuwa mutanen wannan yanki sun san ta fiye da kowa a Arewa.

Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Domin shimfiɗa filin ban ruwa na kimanin hekta 23,000, an sa manyan injina sun baje gonakin mutane, sun tumɓuke itatuwan amfani, sun shafe iyakoki. Ta fuskar sauri, babu abin da ya kai wannan. Amma manoma sun yi damina bayan damina ba su shuka ba suna jiran a sake raba musu fili, ga rigimar diyya, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda suka rubuta tarihin wannan lamari. Daga baya kuma na'urorin yayyafa ruwa da aka kafa a mafi yawan filin suka lalace, magudanan ruwa suka cike da laka da ciyawa, har sai da aka sa Bakolori cikin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 domin a sake gyarawa. Filin da katafila ta share a 'yan watanni, an shafe shekaru arba'in ana biyan bashinsa. Ban da haka, wuƙar katafila tana kankare ƙasar sama, wadda ita ce ɗan ribar da shekarun hutu suka tara wa gonar. Domin in akwai wani alheri a cikin wannan musiba, shi ne gonar da ta huta ta sami ganye da ƙurar hunturu da sabara ta tare mata. Ƙuduji dai ba ya cikin lissafin, irinsa yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran dawa.

Maganar iyaka da Bakolori ta tuna mana ita ce ɓangaren da ya fi ba ni tsoro, kuma ita ma tana cikin amsar kwana nawa. Iyakar gona a ƙasar Hausa layin gamba ce, ko wata tsamiya, ko suri, ko kwari, sauran kuma yana cikin kan dattawa. Gamba ta bazu, an sare tsamiyar an yi gawayi, dattijon da ya san wurin ya rasu a gudun hijira. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a ƙarƙashin ƙananan hukumomi, amma manoma ƙalilan ne suke da takarda. Ga marayu da zawarawa da mazajensu suka mutu a wannan rikici, ga wanda ya jinginar da gona don ya biya kuɗin fansa, ga maƙwabcin da bai gudu ba ya ɗan matsa da kuyya biyar. Malaman Malikiyya sun tattauna irin wannan tun da daɗewa a babin raya mataccen fili, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kai mai suna Ta'alimur Radi. Sun bambanta filin da aka mallaka ta gado ko saye ko kyauta, wanda ba ya fita hannun mai shi don ya koma daji, da filin da mutum ya mallaka ta hanyar sassabe da hannunsa, wanda idan alamun aikinsa suka gushe, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya sake raya shi, ana iya ba na biyun. Ni ba alƙali ba ne, amma a fahimtata hikimar hukuncin ita ce tsawon lokaci yana nuna mai fili ya haƙura da shi, wanda bindiga ta kora kuwa bai haƙura da komai ba. Ya kamata alƙalan kotunan shari'a da masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun su fitar da matsaya a kan wannan tun kafin gatura su haɗu a kan iyaka. Gonar da take gaban alƙali ba a sassabe ta, ko da samari ɗari suna tsaye.

Akwai hanyar da take rage aikin, kuma ba daga Turai za a ɗauko ta ba, tana nan arewa da mu a ƙasar Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sarewa duk shekara itatuwa ne masu tsohuwar saiwa. Shawarar da ya kawo mai sauƙi ce: maimakon a tone kowane kututture, a zaɓi reshe ɗaya zuwa uku mafi ƙarfi a gindi, a sare sauran, a rinƙa yi musu aski suna miƙewa sama. Manoman can suna kiran wannan sassaben zamani. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kimanin hekta miliyan biyar a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ga manomin Jangebe, amfanin a bayyane yake. Ƙaya irin ɗunɗu da sarƙaƙiya dole a fitar da su, amma gawo da kalgo da marke da aduwa da shekarun gudu suka raina masa kyauta, babu dalilin ɓata kwanaki a kansu. Gawo ma yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa. Za a ce itace maɓoya ce. Abin da yake ɓoye mutum shi ne cunkoson ƙasa-ƙasa; itacen da aka aske ya tashi sama ana hango abin da yake bayansa.

Jihar da take yi wa kanta kirari da noma ta saba kawo tallafinta a farkon damina: taki, iri, maganin feshi, da bikin ƙaddamarwa. Duk suna da amfani ga wanda gonarsa take a share. Ga wanda tasa ta zama kurmi, buhun takin Yuni kasuwa zai kai shi ya sayi masara, kuma ba zan zarge shi ba. Abin da yake bukata yana zuwa ne tun daga Janairu: a ƙirga gonakin da aka bari ƙauye-ƙauye da yawan daminar da kowace ta yi, aikin da masu unguwanni da sarakunan noma za su iya yi cikin mako biyu, a zauna a kan iyakoki a gaban hakimi, a sa rakiyar jami'an tsaro da askarawan jiha a ranakun da aka tsayar domin gayya ta yiwu, yanki bayan yanki, a fara da gonakin da suke bakin hanya da bakin gari, a biya samari kuɗin aikin sassabe ko a ba su hatsi, domin mai jin yunwa ba ya tone kututture goma a wuni, a kuma nemo hanyar bashin shanun huɗa ga waɗanda suka kai shekara ta uku.

Ba za a ce Gusau ba ta san yankin ba. Daga 1999 zuwa 2023, shekara ashirin cikin ashirin da huɗu, 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne suka mulki Zamfara: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Gwamnatin Dauda Lawal da take kai yanzu tana da ma'aikatar gona da malaman gona a kowace ƙaramar hukuma. Cikin rahoton da za su kawo a ƙarshen wannan shekara, ina so in ga shafi guda da ya faɗi hekta nawa aka bari a gundumar Jangebe, nawa aka sare daga sama, nawa aka tone, nawa kuma garma ta ratsa.